Yadda Muka Ja Gawwasa Daga Abhur Zuwa Rabig

Talata: Hindawiyya zuwa Abhur

Ƙarfe huɗu saura kwata na asuba na sauko daga bene a Hindawiyya, unguwarmu a Makka, jakar kayan aiki a kafaɗa, hular walda a hannu. Maiɗakina Hadiza ta rako ni har ƙofa, ta cusa mini ƙullin busasshiyar citta a aljihu, ta ce matan unguwa sun ce tana hana jiri a kan ruwa. Na ce mata mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana walda a saman benayen Makka, wane jiri ne zai kama shi? Ta ce, "Malam, riƙe dai, ba ta da nauyi."

'Yan'uwa na Ringim da kuke yawan tambayata labarin Bahar Maliya, ku gafarce ni, duk amsar da na riƙa ba ku a baya a bakin mutane na ji ta. Kafin wannan tafiya, ta tagar jirgin sama kawai na taɓa hango tekun. Yanzu na kwana a kanta, shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Wanda ya ja ni tafiyar maƙwabcinmu ne, Baba Bakur, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, kuma har yau Hausar da ke bakinsa ta kakan ce, gauraye da Larabci. Shi ne rayis, wato shugaban wani jirgin ja, irin ƙananan jiragen nan masu ƙarfin inji da ake ɗaura wa wani jirgin su ja shi. An ba su aikin jan wani jirgi zuwa Rabig don gyara, aka ce sai an samu mai walda kafin a tashi, shi kuma ya ambaci sunana. Mai warsharmu ya amince, ya rubuta mini takardar aiki ta kwana huɗu.

A tsohuwar motarsa muka tafi. Mun wuce shingen Shumaisi ba wanda ya tsayar da mu, masu shigowa ake dubawa. Muka yi sallar asuba a masallacin wani gidan mai, muka karya da wake da gurasar tamis mai zafi a bakin Jidda, riyal takwas mu biyu. Daga gida zuwa Abhur, a arewacin Jidda, kilomita ɗari da goma na gani a agogon motar. Ƙarfe bakwai daidai mai gadin wurin ajiye jirage ya duba igamata, wato katin zaman ƙasa, da takardar aikin, ya ɗaga mana ƙarfe.

Baba Bakur ya nuna mini ruwa ya ce, "Ga amaryar taka nan, ya mu'allim."

Na duba ban ga jirgi ba. Abin da na gani kamar bayan dorina ne, fari, da ɗan ɗaki a tsakiya. Ashe shi ne jirgin ƙarƙashin teku, wanda a nan ake ce wa gawwasa. Ba na yaƙi ba ne, na 'yan yawon buɗe ido ne, ana shiga da mutane a nutsa da su su kalli kifi da murjani ta tagogi. Na auna tsawonta da ƙafa, taku ashirin da biyu. Da na leƙa sai na hango sauran jikinta a ƙarƙashin ruwa, zagayayye kamar duro, da tagogi a jere.

Mai kula da ita wani injiniya ne ɗan Sudan, Muhandis Yasir, dogo siriri, shekararsa tara tare da ita. Aiki biyu ya ba ni. Na farko in ƙara wa kunnen ƙarfen da ke goshinta ƙarfi, domin a nan za a ɗaura igiya. Na biyu in yanke wani wuri da tsatsa ta ci a saman tankin gaba na dama, in sa faci.

Da muka zauna shan shayi na tambaye shi ko me ake zubawa a tankin. Ya yi dariya ya ce, "Iska, ya zol. Iska ce ke riƙe da ita." Ya zol ɗin nan, haka 'yan Sudan ke cewa mutumina. Ya jawo bokitin ruwa, ya kife kofin gilashi a ciki. Ya ce tankunan nan huɗu ne, kuma duk ƙasansu a buɗe yake. Idan an cika su da iska sai ta taso, idan an saki iskar ta sama ruwa ya shiga ta ƙasa sai ta nutse. Ya ɗan karkata kofin, sai ga kumfa ta kuɓuce, ruwa ya hau. Nan take na tuna ƙwaryar da mata ke kifewa a kan ruwa ranar biki suna kaɗawa. Na gaya masa, ya ce to ai na gama fahimta.

Ya ci gaba da cewa ita gawwasa a ƙarƙashin ruwa ta fi natsuwa, domin nauyin batura yana can ƙasa yana tsayar da ita. A saman ruwa ne take da rauni. Jirgi na yau da kullum yana da faɗi da tsayi, in taguwar ruwa ta ture shi zai dawo. Ita kuwa abin da ke sama bai kai ƙugun mutum ba, ga jiki zagayayye, tana juyi kamar gora. In an ja ta da sauri sai ta dulmiya hanci. Saboda haka ya kwashe duk wani abu mai nauyi ya mayar baya, ya ce ba wanda zai zauna a cikinta a hanya, ya kuma zana farare layuka uku a goshinta don a riƙa lura da su daga nesa.

Kunnen ya cinye mini yini. Facin kuwa sai dab da magariba na gama. Muhandis ya hura iska a tankin, na shafa ruwan sabulu a gefe uku, ba kumfa. Gefe na huɗu yana ƙarƙashin wani bututu, hannu ba ya shiga sosai, ga mai fenti a tsaye a kaina da gwangwani, ga ladan ya fara kira. Na shafa da yatsa, na ji sumul. Na ce wa mai fenti bismillah.

A cikin jirgin ja muka kwana, a wani ɗaki mai gado huɗu, biyu a kan biyu.

Laraba: Abhur zuwa kusa da Tuwal

Ƙarfe shida saura ashirin masu gadin teku suka zo, suka ƙirga mu, mu shida ne, suka duba takardu suka tafi. Kafin a kwance jirgi, Baba Bakur ya zagaya da ni bayan jirgi. Igiyar ta kai kaurin dantsena. Kusa da inda aka ɗaure ta akwai gatari a rataye, bakinsa yana walƙiya.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "In ta nutse, ba ita kaɗai za ta tahi ba, da mu za ta. Sai a sare. Shekarata talatin da ɗaya bisa ruwa ban taɓa ɗaga shi ba, alhamdulillah."

A cikin mashigin Abhur igiyar gajera ce, gawwasa tana biye da mu kamar akuyar da ta san gida. Da muka fita sarari aka saki igiya har mita ɗari da hamsin, tsakiyarta ta nutse a ruwa. Baba Bakur ya ce wannan lanƙwasar ita ke shanye fizga, da a miƙe take da tuni ta tsinke ko ta fizge kunnen da na yi. Gudunmu kilomita shida a awa, mai keke ma zai wuce mu. Nan ne gawwasa ta fara nuna halinta. Sai ta zame dama can nesa, igiya ta dawo da ita, ta wuce hagu, kamar saniyar da ake kaiwa kasuwa ba ta so. Baba ya ɗan rage inji, ya ɗan ƙara igiya, har ta daidaita tana ɗan lilo kaɗan.

Ruwan da safe lumui, shuɗi mai duhu irin na rini. Benayen Jidda suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu. Wajen ƙarfe tara jiri ya kama ni, kafin goma na amayar da duk abin da na ci. Na laluba aljihu na ciro citta na yi ta tauna. Ban gaya wa kowa daga inda ta fito ba.

Da azahar na tashi zan fuskanci inda na saba, sai mai dafa mana abinci, wani mutumin Yaman, ya juya ni ta kafaɗa. Mutumin Makka bai saba neman alƙibla ba, ga shi yau Ka'aba tana kudu maso gabas, jirgi kuma yana motsi. Muka ci shinkafa da kifi, na ɗan taɓa.

Ƙarfe ɗaya da rabi iskar arewa ta taso. Da farko ta gabanmu take zuwa, jirgi yana hawa yana sauka. Ƙarfe biyu da kwata dole muka karkata don mu kauce wa wasu duwatsun murjani, sai taguwar ruwa ta koma dukanmu ta gefe. Na ga gawwasa tana kwantawa dama, ta tashi, ta kwanta hagu. Muhandis yana tsaye a baya da madubin hangen nesa, bai sauke shi daga ido ba.

Can ya ce, "Rayis, layi biyu."

Baba Bakur ya leƙo ta taga. "Da sahe nawa?"

"Uku. Kuma ta jingina dama, ba ta dawowa daidai."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya rage inji sannu a hankali, domin in ya tsaya gaba ɗaya za ta iya zuwa ta buge mu, ya juya goshin jirgi ya fuskanci iska. Juyin ya ragu. Muka jira minti goma. Muhandis ya ce juyin da ta yi ne ya zubar da iska ta ƙasan tanki, kamar kofin jiya, in haka ne ba za ta ƙara sauka ba tunda ta daina juyi. Muka ƙara jira. Layi na biyu ya fara shan ruwa.

Ya sauke madubin ya ce, "A'a. Ta sama take fita. Akwai inda ke yoyo."

Ya ce zai je da ƙaramin kwalekwale ya hura mata iska daga kwalaben da ke jikinta, amma yana son mai ƙarfin hannu da zai kwance masa murfin da ke rufe da makunnin. Kafin wani ya yi magana na ce ni zan je. Baba Bakur ya dube ni, ya san da safe nake kwance ina amai. Ban iya iyo ba, ya kuma san haka. Ya ɗaure mini rigar ceto da hannunsa, ya ja maɗaurin har sai da na yi nishi.

Ya ce wa Muhandis, "In layi na ƙarshe ya shiga, ku baro ta. Ba na son gardama." Ya sa ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tsaya kusa da gatari.

Mita ɗari da hamsin ba nisa ba ne a ƙasa. A kwalekwale kuwa sai da na karanta duk abin da na haddace. Muka hau bayanta da rarrafe, muka ɗaure kanmu a ƙarfen gefe. Ruwa yana wanke bayan nata yana wucewa, mai ɗumi, har gwiwar hannuna. Na kwance kusoshi huɗu, Muhandis ya zura hannu ya murɗa. Na ji ƙugi a ƙarƙashina, kumfa ta tashi fari fat a gefen dama, sai na ji goshinta yana ɗagowa a hankali kamar raƙumi zai miƙe.

Muhandis ya share fuska ya ce, "Robar murfin tanki ce. Tun bara nake cewa a canza ta." Ya ɗauki oba-oba zai gaya wa Rayis haka.

Ni kuwa ina durƙushe daidai kan facina. Ruwa ya zo ya rufe shi ya janye, sai na ga wasu 'yan ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga ƙarƙashin bututun nan, sirara kamar zare. Na jira wani ruwan ya sake zuwa, ko idona ne. Suka sake fitowa. Muhandis yana ba ni baya, bai gani ba. Ba zan ɓoye muku ba, na so in bar laifin a kan roba. Na tuna Baba Bakur ne ya kai sunana, na tuna mai warsha, na tuna cewa a Rabig za a sake duk ƙarfen wurin, ba mai sani. Amma kuma akwai sauran tafiyar yini da rabi, kuma in an ɗaure roba an kwantar da hankali, iskar za ta ci gaba da fita.

Na taɓa ƙafarsa na ce, "Muhandis, ba roba ba ce. Dubi nan. Aikina ne."

Ya sunkuya ya duba, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ka gwada da sabulu jiya?"

"Gefe uku."

Ya tambaye ni me za a iya yi yanzu. Ramin bai fi bakin allura ba. Na ciro guduma da ƙusa mai dakushi, na yi ta dukan ƙarfen da ke kewaye da shi har ya matse, muka shafa wani ƙullun gam da ke kamawa ko a cikin ruwa, na danne da babban yatsa minti goma cur. Kumfa ta tsaya. Ya kira Rayis ya ce, "Layi uku. Mun samu wurin. Mu tafi a hankali."

Sauran tafiyar a kilomita huɗu muka yi ta. Ƙarfe shida da minti ashirin muka saki anga a bayan wani dogon dutsen murjani kusa da Tuwal, inda ruwa ke kwance kamar tafki. Kusan kilomita sittin muka yi a yinin.

Bayan magariba aka shimfiɗa abinci a bayan jirgi. Na kasa ci. Baba Bakur ya tambayi Muhandis abin da ya faru, ni na amsa, na faɗa masa duka, har da mai fenti da kiran salla. Ya ci gaba da cire ƙaya daga kifinsa.

Ya ce, "Da munka taso na ce ma Yasir, wanga mutum hannunai na da kyau. Ban ce mai ba ka kuskure ba." Ya tura mini faranti. "Abu guda ni ka so ka sani. Tankin gida in ya yi yoyo, mata ka yin faɗa. Na ruwa in ya yi, mata ka yin takaba. Halas, shi ke nan. Ci abinci."

Na ci. Bai sake ta da maganar ba har muka rabu.

Alhamis: Tuwal zuwa Rabig

Da gari ya waye aka jawo gawwasa aka jingina ta da jirginmu, tayoyi a tsakani. Muhandis ya buɗe ƙofarta ya bar iska ta shiga na rabin awa saboda tururin batura, kafin ya yarda in kunna wuta. Da kansa ya kwance bututun da ya tare mini hanya shekaranjiya, aikin minti bakwai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, minti bakwai. Na kankare gam da fenti, na gurza wurin har ya yi fari, na bi shi da walda sau biyu. Da ya huce na shafa sabulu a gefe huɗu, na sake shafawa, na kuma bi kunnen igiyar ma duk da ba iska a cikinsa. Muhandis yana tsaye yana murmushi ya ce, "Ya zol, sabulun wankanmu ne fa."

Ƙarfe bakwai da rabi muka ɗaga anga. Wannan rana Baba Bakur ya zaɓi hanya ta cikin duwatsu, kusa da gaɓa, inda taguwa ba ta da ƙarfi, ko da yake sai an yi ta lanƙwasa. Ya rage igiya zuwa mita tamanin. Duk inda zai juya sai ya fara tun da nisa, a hankali, yana waiwaye, domin ita ba ta san an juya ba sai igiya ta gaya mata. Ya kira ni ɗakin tuƙi ya koya mini karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore yashi ne, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne, a nisance shi.

Muhandis ya miƙo mini madubin ya ce yau ni ne mai gadin layi. Duk rabin awa sai in leƙa in ce, "Uku." Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wasu manyan kifaye masu tsalle suka zo suka kewaye gawwasa, suna binta gefe da gefe, kamar sun ga 'yar'uwarsu an kama. Mai abinci ya fito da ludayi a hannu yana kallo. Jiri bai dawo ba, har na ci faranti biyu.

A hanya Muhandis ya ba ni labarin yadda ya fara nutsawa da ita, da wata tsohuwa da 'ya'yanta suka kawo, wadda ta zauna a bakin taga tana tasbihi tun daga shiga har fita, ta ce ba ta san Allah ya yi wata duniyar a ƙarƙashin wannan ba. Ya ce in an gama gyara zai kira ni in zo da iyalina. Na ce masa in dai ni zan gwada tankunan da sabulu, zan zo.

Ƙarfe uku da minti goma muka shiga Rabig, bayan kilomita hamsin da 'yan kai. Aka gajarta igiya, aka jingina ta da gefenmu har bakin gaɓa. Wani ƙaton inji ya zura mata ɗamara biyu ya ɗaga ta sama, ruwa yana zuba daga ƙasan tankunan. Sai a lokacin na ga girmanta duka, da ƙananan kawa da suka manne a jikinta, da ramukan nan huɗu a buɗe. Na tsaya a ƙarƙashi ina kallonsu. Kwana biyu a kan teku, abin da ya raba ta da ƙasan ruwa iska ce kawai.

Su Baba Bakur za su koma Jidda ta ruwa da asuba, ni kuwa aikina ya ƙare. Muhandis ya sa hannu a takardata. Na karanta abin da ya rubuta: an yi faci, ya yi yoyo a hanya, wanda ya yi shi ne ya gano ya gyara. Ya ce, "Ko in cire?" Na ce ya bar shi haka.

Na kwana a wani ɗakin haya kusa da kasuwar kifi, mai tsabta, da na'urar sanyi mai ƙara kamar injin markaɗe.

Juma'a: Rabig zuwa gida

Ƙarfe shida na samu mota mai zuwa Makka. Direban wani mutumin Maraɗi ne, Malam Isufu, ya ji ina waya da Hausa sai ya ce in dawo gaba. Da muka fita gari ya ce, "Ga Juhufa nan a hanya, ba ka ɗaukar harami? Mu da ke zaune a Makka sai mu shekara ba mu shigo ta mikati ba."

Ban shirya ba, amma na ji maganar ta zauna mini. Sauran fasinjoji biyu ma suka ce suna so. Muka ratse, na sayi harami a bakin masallaci, na yi wanka, na nemi izinin shiga Harami ta waya, na yi niyyar umra. Daga nan zuwa Makka kusan kilomita ɗari da tamanin ne. Muka bi hanya muna talbiya, Malam Isufu yana tsakurowa da tambaya.

"Wai da gaske ƙasanta a buɗe yake?"

"A buɗe."

"Kuma mutane na biya su shiga?"

"Har da tsofaffi."

Ya girgiza kai ya ce shi dai mota ta ishe shi, ko ta lalace a ƙasa take.

A shingen shiga Makka aka duba igama, ƙarfe tara da rabi. Na ajiye jakar aiki a shagon wani abokina a Jarwal, na taka zuwa Harami. Da na fara ɗawafi sai na ji daɓen yana tashi yana sauka a ƙarƙashina. Na buɗe ƙafa kamar yadda na saba a jirgi, ina tangaɗi. Wani tsoho baƙo, ban san ƙasarsa ba, ya ɗauka rashin lafiya ce, ya kama gwiwar hannuna. Na so in yi masa bayani, ba mu da harshe ɗaya. Haka ya riƙe ni har zagaye bakwai, shi da ya girme ni da shekara ashirin, sannan ya kai ni wurin zamzam ya cika kofi ya ba ni, ya dafa kaina ya shige cikin jama'a.

Na yi sa'ayi, na yi aski, na tsaya aka yi Juma'a. Ƙarfe biyu da rabi na hau matakalar gidanmu a Hindawiyya, ina dafa bango domin benen ma lilo yake yi. Hadiza ta buɗe ƙofa ta ga kaina a aske, fuskata ta ƙone da rana, ta ce, "Malam, teku ka je ko umra?" Na ce duka biyun, ta ba ni ruwa tukuna.

Washegari na kai wa mai warsha takardar da hannuna, na tsaya har ya karanta ta zuwa ƙarshe. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce akwai ƙofofi shida suna jirana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mu shida, ba wanda ya rasa ko farce. Ina gode wa Baba Bakur da Muhandis Yasir da Malam Isufu. Tsohon nan kuwa da ban san sunansa ba, ku taya ni yi masa addu'a, Allah ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya.